SHAYIN INGILA A KASUWAR KATAKO

Duk wanda ya san Jos ya san Katako. Kasuwa ce wadda ta samo sunanta daga katakon da ake sayarwa a cikinta, ko da yake hatsi da gwanjo sun yi mata suna kamar yadda katakon ya yi. Idan hunturu ya kama, sanyin Filato ya fara ratsa ƙashi, nan ne talaka da ƙaramin ma'aikaci ke dosa domin neman kwat da suwaita da bargo, waɗanda da yawa daga cikin dilolinsu daga Ingila aka ɗauro su. To, ga inda abin mamaki yake. Mutum na iya sayen kwat ɗin da wani Bature ya sa a Landan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Amma in ya ce yana son kwalin ganyen shayin da mai kwat ɗin ke sha kowace safiya, sai ya bar Katako ya shiga manyan kantunan cikin gari, in kuwa ya dace ya samu, farashin kaɗai ya isa ya sa shi dafe kai.

Masu wannan nema ba su da yawa, amma suna nan. Akwai Turawan da aikin asibiti, ko koyarwa, ko mishan ya zaunar a Jos da Vom da Gindiri. Akwai kuma 'yan ƙasa waɗanda suka yi karatu ko aiki a Ingila, suka komo gida da harshen da ya saba da PG Tips, ko Tetley, ko Yorkshire Tea. Dukkansu kukansu ɗaya ne, watau shayin nan gida bai da ƙarfi, na can kuwa ya fi ƙarfin aljihu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turke ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba. Bahaushen da ke zaune a Landan shi ma yakan ɗauki jirgin ƙasa takanas ya tafi unguwar Peckham neman kuka da daddawa da yaji, ya biya ninkin-ba-ninkin kuɗinsu na gida, ya komo yana murna. Saboda haka ba abin dariya ba ne baƙo ya yi begen abin da ya tashi da shi. Abin dubawa shi ne, me ya sa abin ya yi tsada haka, kuma mene ne ainihin abin da mai saye yake biya wa kuɗi?

ZAMANIN KUZA

A da, samun shayin Ingila a Jos bai zama aiki ba, domin garin da kansa haƙar kuza ce ta raya shi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka kafa sansani a kan dutsen Filato, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, daga baya babban layin dogo ya iso ta Kafanchan a 1927. Jirgin da ke sauka da kuza zuwa bakin teku shi ne ke hawowa da kayan kanti. Manyan kamfanonin ciniki irin su UAC, wanda ya buɗe kantin Kingsway na farko a Ikko a 1948, da UTC, da Leventis, su ne suka riƙe wannan harka a manyan garuruwan ƙasar nan. Injiniyan kuza da ke Bukuru ko Rayfield yakan aiki kukunsa kanti, ya komo da irin shayin da uwargidan ta saba saye a garinsu. Ta hannun kukun nan da boyi-boyi da leburorin kuza da ma'aikatan reluwe ne shan baƙin shayi da madara da sukari ya bazu cikin gari, har teburin mai shayi ya zama abin da ba a rasawa a bakin kowace kasuwa da tasha. Koren shayi mai ɗaci na ƙaramar buta, wanda Buzaye da Larabawa suka zo da shi ta hamada, shi daban tarihinsa yake.

Abin da ya sauƙaƙa wannan ciniki shi ne ƙarfin kuɗi. Har zuwa 1967 fam na Nijeriya da fam na Ingila kunnen doki suke. Da aka fito da Naira ranar 1 ga Janairu, 1973, ita ma ta shigo da ƙarfinta, har ya zama a 1980 fam ɗaya na Ingila bai kai Naira ɗaya da rabi ba. Daga nan sai al'amura suka fara juyawa. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1984 jama'a sun sha layin madara da sukari da sabulu. A Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, abin da ya ƙarasa kashe sana'ar da ta tara Turawa a Jos. A Satumban 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi, Naira ta kama gangara. Bayan da aka sake sakin ta a Yunin 2023, fam ɗaya ya haura Naira 2,000 a cikin 2024.

Lissafin a fili yake. A ƙaddara kwalin shayi fam 3 ne a kantin Ingila. A canjin 1980 bai kai Naira 5 ba. A canjin 2024 ya kai Naira 6,000 tun bai bar inda yake ba, kafin a ɗora kuɗin jirgi, da na kwastan, da na mota daga Ikko zuwa Jos, da ribar mai kanti wanda ya san kwalin zai daɗe a kan kanta kafin mai saye ya zo. Kwat ɗin gwanjo ya yi araha ne domin mai shi ya gama da shi ya bayar. Shayi kuwa sabo ne, da fam ake sayensa. Ita kanta Jos ta yi hasarar wuraren ciniki, domin babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, Katako kuma ta sha wuta a rikicin Nuwamban 2008.

GANYEN BA NA INGILA BA NE

Wani abu da masu begen shayin Ingila ba su cika tunawa ba shi ne, in an ɗebe 'yan gonaki ƙalilan na marmari, ƙasar Ingila ba ta noman shayi. Ganyen da ke cikin kwalin nan mai tsada yawancinsa daga Kenya yake, saura daga Indiya da Malawi da Ruwanda da makamantansu. Kasuwar gwanjon shayi ta Landan, wadda ta yi fiye da shekara 300 tana ci, an rufe ta a 1998, babbar kasuwar wannan irin ganye a yau tana Mombasa ne a gaɓar Afirka ta Gabas. Watau ganyen da manomiyar Afirka ta tsinka da hannunta shi ne ke hawa jirgin ruwa zuwa Turai, a zuba shi cikin 'yar jakar takarda, a sa masa kwali, sa'an nan ya sake hawa jirgi ya komo Afirka da farashin fam.

Ita ma 'yar jakar ba Ingila aka ƙago ta ba. Ana ba da labarin cewa wani ɗan kasuwar Niyok mai suna Thomas Sullivan ne, wajen 1908, ya riƙa aika wa abokan cinikinsa samfurin ganye cikin 'yan jakunkunan siliki, su kuwa suka riƙa tsoma su cikin ruwan zafi yadda suke. Sai a 1953 kamfanin Tetley ya shigar da ita kasuwar Ingila, yanzu kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na shayin da ake sha a can na jaka ne. Haka kuma Lipton mai kwalin ruwan ɗorawa, wanda a nan ƙasar sunansa ya zama sunan kowane shayi mai zare, ba kasafai ake ganinsa a kantunan Ingila ba, duk da cewa wanda ya kafa shi, Thomas Lipton, ɗan kasuwar Glasgow ne da ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon a 1890.

To, in ganyen ɗaya ne, daga ina bambancin ɗanɗano ya fito? Na farko, daga nauyi. Kwalin Ingila mai jaka 80 yawanci giram 250 ne, watau kowace jaka ta ɗan ɗara giram 3. Jakar Lipton da aka saba da ita a nan giram 2 ce. Wanda ya tsoma giram 2 cikin babban kofi yana jiran ƙarfin giram 3, dole ya ce shayin ya yi salam. Na biyu, daga haɗi. Kamfanonin can suna da gwanayen ɗanɗano waɗanda aikinsu ke nan, su gauraya ganyen gonaki daban-daban domin kwalin bana ya yi daidai da na bara, su kuma zaɓi ganyen da inji ya murƙushe ya yi ƙanana, mai saurin sakin launi da ƙarfi, wanda madara ba ta kashe shi. Na uku, daga ruwa da madara. Ruwa ya bambanta daga gari zuwa gari, har kamfanin Yorkshire Tea na yin wani haɗi dabam domin garuruwan da ruwansu ke da yawan alli. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda ruwa ke tafasa tun zafinsa yana wajen digiri 96, bai kai 100 na bakin teku ba. Bugu da ƙari, Bature da ɗanyar madarar shanu ya saba, a nan kuwa ta gwangwani ko ta gari ake zubawa.

ABIN DA MAI NEMA ZAI YI

Wanda ya fahimci wannan ya sami rabin maganin kukansa. Kafin ya zuba dubbai a kan kwali ɗaya, sai ya fara gwada jaka biyu ta shayin gida a kofi ɗaya, ya zuba ruwan yana kan tafasa, ya rufe kofin minti huɗu ko biyar, sa'an nan ya sa ɗanyar madara dafaffiya, wadda ba ta wuya a yankin Vom. Da yawa za su tarar tazarar da suke kuka da ita ta ragu ƙwarai.

Wanda kuwa ya ce shi lalle sai na Ingila, to ya yi ciniki da giram, kada ya yi da girman kwali. Babban kwali mai jaka 240 yawanci giram 750 ne, bai kai kilo ɗaya ba, saboda haka ba nauyi ba ne ga matafiyin da aka roƙa ya riƙo, kuma mutum uku ko huɗu na iya yin karo-karo su raba. In a kanti zai saya, ya duba ranar da aka rubuta ingancin kayan zai ƙare, ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya tabbata ledar kwalin ba a taɓa buɗe ta ba. In ya ga kwalin waje ana sayar da shi ƙasa da kuɗinsa na can, ya yi hattara, domin araha ba ta ado, ko dai kayan ya kwana biyu, ko kuwa jabu ne. Ya kuma lura da inda aka ajiye shi, gama ganyen shayi na zuƙar warin abin da ke kusa da shi, kwalin da ya yi wata uku tsakanin sabulu da kananzir ba sauran Ingila a cikinsa.

MAMBILA

Amma duk wannan maganar 'yan tsiraru ce. Babbar maganar tana teburin mai shayin Katako, inda tun asuba ɗan dako da mai yankan katako da dillalin hatsi ke zama a kan benci, wannan ya ce, "Malam, haɗa mini kauri," wancan ya duba aljihunsa ya ce a ba shi ruwan bunu. Su ba su taɓa jin sunan Yorkshire ba, amma faɗuwar Naira na iske su cikin kofi, domin mafi yawan ganyen da ake ƙullawa a masana'antun ƙasar nan shi ma daga waje ake sayo shi da kuɗin waje. Tsadar da ta hana Bature kwalinsa ita ce ta rage wa leburan nan madara.

Alhali kuwa ƙasar nan tana da inda shayi ke yi. A tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, akwai gonar shayi ta Kakara wadda aka fara tun shekarun 1970, lokacin da yankin bai zama jihar kansa ba, daga nan ne ake yin Highland Tea. Tsawon tudun, da sanyinsa, da yawan ruwan samansa, irin waɗanda suka ɗaukaka Kenya ne a wannan sana'a. Kenya ba da dabo ta kai inda ta kai ba. Hukumar da ta kafa a 1964 ce ta jawo ƙananan manoma cikin noman shayi, ta ba su iri, ta gina masana'antu kusa da gonakinsu, domin ganyen shayi in an tsinke shi ba ya jiran gobe. Abin da Mambila ke samarwa har yanzu bai kusa isar ƙasar nan ba, hanyar hawa dutsen kuwa duk direban da ya bi ta ya san halinta.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Taraba su dubi wannan gona da idon basira, a gyara hanya, a faɗaɗa noman zuwa ga ƙananan manoma, a horar da masu haɗi waɗanda za su iya fito da ganye mai ƙarfi cikin jaka mai giram 3 ga mai son haka. Su ma manyan dillalan kayan shayi na Jos da Kano da Kaduna suna da nasu rabon aikin, domin abin da suka ɗora a kan kanta shi mai shayi zai saya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da ganyen Mambila ya wadata a Katako, baƙo zai sami kofin da zai rage masa begen gida a kan kuɗin Naira, ɗan dako kuma ya sha haɗin kaurinsa ba tare da ya tsaya lissafin fam ba.