Daga Tsiron Dawa Zuwa Gwangwani

 

Sharhinmu na yau, masu saurare na Madarunfa da kewaye, a kan teburin mai shayi yake. Ku dubi abin da ke jere bayan burodi: gwangwanin Milo, na Bournvita, na Nescafé, da ƙananan ledojin madara a rataye. Cokali biyu, ruwan zafi, a juya, an gama karin kumallo. Ko ɗaya daga cikin kayan nan ba a ƙirƙiro shi don mai lafiya mai gaggawar zuwa kasuwa ba. Wasu don majinyata aka yi su, wasu kuwa don kaya sun yi kwantai a hannun masu su.

A birnin Bern na ƙasar Suwizalan, a 1904, Dakta Albert Wander ya haɗa tsiron sha'ir da madara da ƙwai da koko ya busar, ya sa masa suna Ovomaltine. Likitoci ne ke ba masu jinya da yara masu rama. Da ya ƙetara Ingila a 1909 ya zama Ovaltine, wanda dattawanmu da suka yi zaman Kano suka sani. Kamfanin Cadbury ya fito da Bournvita a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1920. Milo kuwa ɗan yunwa ne. A 1934, ana cikin karyewar tattalin arzikin duniya, yaran Ostireliya ba sa samun abinci mai gina jiki, sai wani ma'aikacin Nestlé mai suna Thomas Mayne ya harhaɗa shi, aka ba shi sunan wani ƙasurgumin ɗan kokawar Girkawan dā. Nescafé ya fi su ban dariya: bayan karyewar kasuwa a 1929, gahawa ta cika rumbunan Birazil ba mai saye, har ana ƙona ta. Aka nemi dabarar adana ta, wani mai bincike mai suna Max Morgenthaler ya shafe shekaru yana gwaji, a 1938 aka samu garin da ke narkewa a ruwa. Yawancin wanda muke sha a yankin nan a Abijan ake yin sa.

Amma fa gwangwani kayan masu albashi ne. Abin da ya kawo garin nan ƙauye leda ce. Wani ɗan kasuwa, Robert Rose, ya kafa kamfanin Promasidor a Zayar a 1979, ya lura cewa talaka ba ya iya sayen gwangwani amma yana iya sayen na shan yau. Ya zuba madarar Cowbell a ƴan ledoji, ya kai ta Najeriya a 1993. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga Legas zuwa Kano, daga Kano zuwa Katsina, a bi ta Jibiya a shigo Ɗan Isa, ga ta a kantin unguwa. Shi ya sa da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kofin mai shayi na cikin wuraren da aka fara jin abin.

To, yanzu mu buɗe gwangwanin mu leƙa. Ban da sukari da madara da koko, ginshiƙin Milo da ƴan'uwansa tsiron hatsi ne. A jiƙa hatsi, a shanya shi a inuwa a rufe har ya fara tsiro. Tsiron nan yana farkar da wani sinadari da ke narkar da sitacin ƙwaya ya mai da shi zaƙi. A busar, a niƙa, a dama da ruwan ɗumi, a tace, a dafa ruwan har ya yi kauri. Wace uwa ce a ƙasar Katsinar Maraɗi za ta ce ba ta san wannan ba? Shi ne sirrin kunun zaƙi: a zuba garin tsiro a kunu mai kauri, ya saki, ya yi zaƙi ba tare da an jefa ko ƙwayar sukari ba. Ma'aikatan lafiya ma suna koyar da shi don kunun yaye, saboda yaro ya sha mai yawan gari ba tare da kauri ya gundure shi ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya. Kamfanoni suka rasa yadda za su yi, suka juyo ga dawa. Tun daga nan Nestlé a masana'antarsa ta Agbara, da Cadbury a Ikeja, suka koyi tatsar zaƙin nan daga dawar da manoman Arewa ke nomawa. Wato buhun dawa ya tashi daga ƙasar Hausa a farashin kaka, ya gangara kudu, a yi masa abin da kakanninmu ke yi a bayan ɗaki, a sa masa koko da hoton ɗan ƙwallo, ya dawo mana a leda. Ba laifinsu ba ne, sun yi aikinsu, kuma manomi ya samu mai saye. Sai dai riba ta zauna inda injin yake.

Batun madara ya fi ciwo. Yawancin garin madara mai arha da ke cikin leda ba cikakkiyar madara ba ce. A Turai ake yaɗe man shanun a sayar da tsada, a maye gurbinsa da tataccen man ja, a fesa a doguwar hasumiya mai iska mai zafi ya sauko gari. Tun da Tarayyar Turai ta cire ƙa'idar yawan madarar da makiyayanta ke tatsa a 2015, wannan gari ya ƙara kwararowa Afirka ta Yamma, har ƙungiyoyin makiyaya suka tashi da gangamin kare nonon gida a 2018. Ba guba ba ne, kar wani ya ce rediyo ya faɗa. Amma wanda ya saya ya san me ya saya, kuma kar a kuskura a shayar da jinjiri da shi a madadin nonon uwa. Abin takaici shi ne a ƙasar da shanu suka cika, Bafulatana na yawo da ƙwarya da damina tana neman wanda zai saya kafin nono ya yi tsami.

Sai sukari. A Indiya, a watan Afrilun 2024, ma'aikatar kasuwanci ta umarci masu sayar da kaya ta intanet su cire Bournvita da ire-irensa daga rukunin abin shan lafiya. Mu kuma a nan sai mu zuba Milo, mu zuba madara mai zaƙi, sannan mu ce wa mai shayi ya ƙara cokali uku. Malam, ciwon sukari fa ba ya tambayar sunan gwangwani.

Duk da haka, ni ba na cikin masu cewa mutane sun bar kunu don kwaikwayon Bature. Masu faɗin haka galibi maza ne, kuma ba su taɓa riƙe taɓarya ba. Kafin kokon safe ya iso gabanka, an surfa gero tun jiya, an wanke, an jiƙa, an kai niƙa an biya, an tace, an bar gasara ta kwanta, an nemo itace, an tashi da asuba an hura wuta. Ledar kanti ta share duk wannan da ruwan zafi kofi ɗaya. Matar da za ta shirya yara biyar zuwa lakwal, ta kuma tafi lambun zogale a Jiratawa, lokaci take saye da dala ashirin ɗinta. Kunu bai faɗi a ɗanɗano ba, bai faɗi a ƙoshi ba, ga shi gero ya fi garin gwangwani sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. A wajen sauri aka kayar da shi.

Kuma sauri abu ne da ake iya koya wa gero. Fatakenmu na dā da guzurin gari da gumba suke ratsa daji, su dama duk inda suka sami ruwa. A zamanin nan, kamfanin Dala Foods a Kano ya daɗe yana sayar da garin kunun tsamiya a fakiti. A Fada Ngurma ta Burkina Faso, tun 1982 aka haɗa Misola, garin gero da waken soya da gyaɗa, kuma ana yin sa a Nijar. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda ke da tasha a Tarna nan kusa da mu, ta yi aiki da jami'ar Purdue ta Amurka a kan injin da ke matse garin gero da zafi har ya dahu, a busar a sake niƙawa, ya zama fura ko kunu da zarar ya ji ruwa. Ƙungiyoyin mata a jihar Maraɗi sun shiga harkar sarrafa garin gero mai ƙarin kayan gina jiki.

Me ya hana su cika teburin mai shayi? Yawanci a babbar leda suke zuwa, ta kuɗi masu yawa, kuma sai a baje kolin kayan gona ko a ɗakin shan magani ake ganin su, har mutane na ɗaukar su abincin yaro mai tamowa. Ɗanɗanon na wannan wata yakan bambanta da na watan jiya. Wutar lantarki na yankewa, injin ya tsaya. Abin da Robert Rose ya gano shekara arba'in da wani abu da suka wuce, mu har yanzu ba mu yi wa gero shi ba: ledar shan mutum ɗaya, rufaffiya da kyau, mai kwanan wata, a farashin da ɗan kabu-kabu zai ciro daga aljihu ba tare da ya yi lissafi ba. Wannan aikin magajin gari ne da ƴan kasuwar Maraɗi da ƙungiyoyin mata: injin rufe leda, wutar rana, da tantancewar hukumar lafiya. Masu shayin tashar Madarunfa kuwa a fara ba su bashin kwali ɗaya ɗaya, a koma bayan sati a ji abin da masu sha suka ce.