Makaranta ce ko kasuwar ƴan wasa?

Ƴan makaranta, da yawa daga cikinku sun san ƙwallon kwando. Mutum biyar ne suke karawa da mutum biyar, kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin ragar da aka rataya sama. Wani malami mai suna James Naismith ne ya ƙago wasan a Amurka cikin shekarar 1891, don ɗalibansa su samu abin motsa jiki lokacin sanyi. Kwandunan zuba ƴaƴan itace ya kafa musu, shi ya sa ake ce masa ƙwallon kwando. A makaranta aka haifi wasan. Amma yau a can ƙasar, akwai makarantun da wasan ya fi ƙarfinsu.

Yaron Amurka yana shiga babbar makarantar sakandare yana da kamar shekara 14, ya yi shekara 4 a cikinta. Ku ɗauka ƙarshen koleji ne da lise a nan wurinmu. Kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar ƙwallonta. Ranar wasa iyaye da mutanen unguwa suna cika ɗakin wasa maƙil. Idan makaranta ta ci kofin jiha, sunanta ya fito a jarida da telebijin, mai horar da yaran ya yi suna, wani lokaci har jami'a ta kira shi aiki. To, wanda yake son kofi da gaggawa ba ya jiran yaran unguwarsa su girma su ƙware. Sai ya shiga neman gwanayen wasu unguwanni, ya yi musu romon baka, su baro makarantarsu su zo tasa.

Doka ta hana wannan. Kowace jiha tana da hukumar da ke kula da wasannin makarantu, kuma hukumomin sun hana a jawo yaro da kuɗi, ko da kyauta, ko da alkawari, don wasa kawai. Cikin jihohi da yawa, yaron da ya sake makaranta alhali iyayensa ba su tashi daga gidansu ba, sai ya zauna ba ya wasa na wani lokaci, wani wuri har shekara guda. Amma mai son ƙetare doka ba ya rasa hanya.

A birnin Seattle, cikin shekarar 2006, wata jarida ta tona asirin makarantar Chief Sealth. Ƴan matan makarantar sun ci kofin jiha sau biyu a jere, a 2005 da 2006. Ashe masu horar da su ne suka bi wasu ƴan mata na nesa da alkawura, har aka yi takardun haya na ƙarya don a nuna wai cikin unguwar makarantar suke zaune. Aka kori masu horarwar, aka ƙwace kofin duka biyu. Korar daidai ce. Amma ku tuna da yarinyar da aka haifa cikin unguwar, wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ta yi gumi shekara biyu, ta ci nasara da hannunta, rana ɗaya aka shafe sunanta daga littafi saboda ƙaryar da manya suka yi. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wasu yara biyu ne na birnin Shikago, Arthur Agee da William Gates. Masu ɗaukar silima sun bi rayuwarsu wajen shekara biyar, suka fitar da fim mai suna Hoop Dreams a 1994. Duka biyun ƴaƴan talakawa ne, baƙar fata. A 1987, suna da shekara 14, aka kai su wata makarantar kuɗi mai suna St. Joseph, can bayan gari. Makaranta ce mai suna, domin nan ne babban ɗan wasa Isiah Thomas ya yi karatu. Wani mai yawon neman gwanaye ne ya ga Arthur yana wasa a filin unguwa, ya kai shi. Kullum yaran suna tashi da asuba, su yi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi kafin su isa aji.

William ya nuna gwaninta tun shekarar farko, aka sa shi cikin babbar ƙungiya, aka samo masa mai biya masa kuɗin makaranta. Arthur kuwa ƙarami ne, bai yi tsawo da wuri ba, aka bar shi cikin ƙungiyar ƙanana. Ana nan sai iyayensa suka rasa aiki, bashin makaranta ya taru. Cikin shekararsa ta biyu, tsakiyar karatu, aka ce ya tafi gida. Ya koma makarantar gwamnati ta Marshall. Da lokacin fita ya matso, sai ga shi yana bukatar takardun sakamakonsa na St. Joseph, makarantar kuma ta riƙe su sai iyayen sun shirya yadda za su biya bashin.

A yi adalci: makarantar ta ce maganar kuɗi ce kawai, kuma ba ta ji daɗin yadda fim ɗin ya nuna ta ba, har ta kai ƙara kotu. Amma ni tambayata ɗaya ce. Wa ya je ya ɗauko yaron daga filin unguwarsu? Ba shi ya zo yana roƙo ba, kiransa aka yi. Waɗanda suka kira shi sun san gidan da ya fito, sun san abin da ke cikin aljihun babansa. Da ya zama gwanin da suke fata, da an samo masa mai biya kamar yadda aka samo wa William. Mai horar da shi a Marshall ma haka ya gani.

Abin mamaki, Arthur ɗin da aka sallama shi ne ya ja Marshall ta ci kofin makarantun gwamnati na Shikago a 1991, ta kuma zo ta uku a jihar Illinois duka. William da aka riƙe hannu bibbiyu ya ji ciwo a gwiwa cikin shekararsa ta uku, aka yi masa aiki, ƙafar ba ta koma kamar da ba. Duka biyun sun shiga jami'a ta hanyar ƙwallo. Amma ba wanda ya kai ga NBA, babbar gasar ƙwararru da suke mafarki. Ba kasawarsu ba ce. Samari fiye da rabin miliyan ne suke ƙwallon kwando a makarantun sakandaren Amurka, NBA kuwa sabbin ƴan wasa kamar 60 take zaɓe a shekara, cikinsu har da na wasu ƙasashe. Ku yi lissafin da kanku bisa allo.

Akwai masu cewa dokar hana sake makaranta ita ce zalunci. Suna cewa yaron da ya iya lissafi yana iya komawa makarantar da ta fi malaman lissafi, ba mai hana shi, har yabonsa ake yi. Don me za a ɗaure ƙafar wanda ya iya ƙwallo? Jami'a tana da tsada ƙwarai a Amurka, kuma ga ɗan talaka sau da yawa ƙwallo ne tsanin da zai taka ya shiga ba tare da ya biya ba. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Uban da ya ga ɗansa yana da baiwa, makarantar unguwa kuma ba ta da ko fili mai kyau, ba laifi ya yi ba don ya nema masa wuri mafi kyau. Jihar Filorida ta bi wannan ra'ayi a 2016. Ta yi doka wadda ta sauƙaƙe wa yaro ya sake makaranta ya ci gaba da wasa, amma ta ce malamin da aka kama yana jawo ƴan wasa za a yanke masa dala 5000 daga albashinsa tun karo na farko. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuɗin sun kusa miliyan 3 na sefa.

Ni a ganina Filorida ta ɗora hukunci inda ya kamata, wato bisa kan babba. Yaro mai shekara 14 ba shi ne ke rubuta takardar haya ta ƙarya ba, ba shi ne ke yin alkawari ba. Sai dai dokar ta bar rami ɗaya. Inda sake makaranta ya zama da sauƙi, gwanaye suna taruwa wuri guda, yaron unguwa da ya yi shekara uku yana jiran rabonsa ya wayi gari bisa benci. Shi kuma baƙon, wani yakan yi makaranta uku cikin shekara huɗu. Kowace da littattafanta da malamanta, ya fita bai riƙe karatun ko ɗaya ba.

Don haka da za a tambaye ni, doka ɗaya zan ƙara. Duk makarantar da ta karɓi yaro tana sane da cewa don ƙwallo ya zo, to ta riƙe shi har ya gama ajin ƙarshe. Ko ya yi tsawo ko bai yi ba, ko gwiwa ta karye, ko babansa ya rasa aiki, kujerarsa ta aji tana nan, takardunsa kuma nasa ne. Ranar da aka yi haka, mai yawon neman gwanaye zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki, domin ya san nauyin shekara huɗu zai ɗauko.

Kada ku ce wannan maganar mutanen nesa ce. Masu neman dogayen yara sun daɗe da juyo da idonsu Afirka. A 2017, a garin Paterson na jihar New Jersey, ƴan jarida sun gano wasu ƴan wasan makarantar Eastside da aka kawo daga waje, cikinsu har da ƴan Nijeriya, wasunsu suna zaune a gidan mai horar da su. Aka dakatar da shi, aka janye ƙungiyar daga gasar jiha. Yaran sun ƙetare teku, sun bar uwa da uba, ga shi wasan da suka je yi an hana su.

Wata rana irin wannan baƙo yana iya yin sallama a ƙofar gidanku, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya ce ya ga tsawon wane, yana da makaranta a ƙasar waje. Kafin baba ya ba da amsa, ku da kuka iya karatu ku roƙa a nuna muku takarda. Ku duba sunan makarantar, da wanda zai biya kuɗinta, da shekara nawa zai biya. Ku duba gidan da yaron zai kwana da wanda zai ciyar da shi. Ku duba ko an rubuta abin da za a yi idan ya ji ciwo, da wanda zai saya masa tikitin jirgi na dawowa gida.