Ɗalibanmu a Gidajen Turawa: A Bar Su Su Fita Ƙarshen Mako

A shekarar 2014 ne ɗiyar yayana, yarinya 'yar shekara 16 da ta tashi a Kaduna, ta samu gurbi a shirin nan na musayar ɗalibai da ake kira YES, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, domin 'yan sakandare daga ƙasashe masu Musulmi da yawa su je su yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa. Aka sauke ta a hannun wasu iyali manoma kusa da birnin Cedar Rapids a jihar Iowa. Ba a yi wata guda ba sai ga mahaifinta ya kira ni cikin ɓacin rai, wai duk Asabar sai an zuba ta a mota an tafi yawo, shi kuwa karatu ya tura ta yi, don haka in rubuta wa mutanen da Turanci cewa a riƙa barin ta a gida da littattafanta. Na ce, "Yaya, ka yi mini afuwa, wannan wasiƙa ba zan rubuta ta ba." Dalilan da na ba shi a ranar su ne nake son in shimfiɗa wa mai karatu, ganin har yau iyaye na zuwa ofishina da irin wannan damuwa.

Mu da muka karanta kimiyyar harshe mun daɗe da sanin cewa nahawu ɓangare ne kawai na iya harshe. Masanin nan Dell Hymes ya yi bayani tun wajen 1972 cewa wanda ya iya harshe shi ne wanda ya san abin da zai faɗa, da wanda zai faɗa wa, da lokacin da ya dace ya yi shiru. Wannan ilimi aji ba ya ba da shi sai kaɗan, domin a aji malami ne ke magana, ɗalibi na rubutu. Amma a cikin mota, tafiyar awa biyu, babu wurin ɓuya: sai ka amsa tambaya, sai ka gane ba'a, sai ka nemi a tsaya ka yi salla ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba. Yarinyar nan ta bar gida da Turancin jarrabawa, mai tsabta a takarda amma mai nauyi a baki. Abin da ya fara ɗaure mata kai ma ba kalma ba ce, ladabi ne. Uwar ɗakinta ta ce ta riƙa kiran ta da sunanta na yanka, ita kuwa ta ce mini, "Baffa, wallahi bakina ba zai iya ba." A cikin mota suka warware wannan, ta yi musu bayanin alkunya irin tamu, suka yarda ta riƙa cewa Mama.

Wata Asabar suka kai ta ƙauyukan Amana, ƙauyuka bakwai da wasu Jamusawa masu tsananin riƙo da addininsu suka kafa tun 1855. A can ta ji labarin yadda Jamusancin wurin ya yi ta ja da baya har ya koma bakin tsofaffi, da yadda a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnan jihar William Harding ya hana magana da duk wani harshe in ba Turanci ba a makarantu da wuraren ibada, har ma a wayar tarho. Da ta ba ni labarin sai na yi dariya, domin darasi ne da nake kwashe makonni ina koya wa ɗaliban aji uku a jami'a kan yadda harshe ke mutuwa, ita kuwa ta same shi a wuni ɗaya. Tun daga ranar ta daina sirka mini Turanci in muna waya.

Ba zan ce tsoron Yaya ba shi da tushe ba. Iowa ita ce kan gaba a kiwon alade a duk Amurka, aladun jihar sun ninka mutanenta sau da dama, kuma a kan hanya ne, a gidajen cin abinci, yaro kan faɗa wa abin da bai sani ba. Akwai kuma batun coci ranar Lahadi, da batun kwana a wani gari. Waɗannan abubuwa ne da ya wajaba uba ya yi magana a kansu ƙarara tun da wuri, kuma ya san lambar jami'in da ke kula da 'yarsa. Sai dai maganin duk wannan shi ne yarinyar ta iya buɗe baki ta ce a'a cikin ladabi, wanda kuwa aka kulle a ɗaki ba zai taɓa koyon haka ba. Ƙarshenta ma su mutanen ne da kansu suka kai ta tsohon masallacin Cedar Rapids, wanda baƙi daga ƙasar Sham suka kammala a 1934, ana kuma lissafa shi cikin mafiya daɗewa a Amurka. Sun shekara da shekaru a kusa da shi ba su taɓa shiga ba sai ta dalilinta.

Inda abin ya zama abin kunya, laifin namu ne mu manya. Sun kai ta Effigy Mounds a gaɓar kogin Misisifi, inda mutanen asali na ƙasar suka tara ƙasa suka yi tuddai fiye da 200, wasu da siffar dabbobi da tsuntsaye. A hanyar dawowa mai gidan ya tambaye ta ko akwai irin waɗannan kayan tarihi a ƙasarsu. Ta yi shiru. Yarinyar da ta fito daga jihar da garin Nok yake, inda aka fara tsintar gumakan yumɓun da suka haura shekara 2,000 tun a 1928, ba ta da abin faɗa. Zariya ba ta fi tafiyar kilomita 80 daga gidansu ba, amma ba ta taɓa ganin ganuwa ba, balle masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Gidan Arewa da ke cikin garinsu ma, wucewa kawai take yi. A daren ta kira ni tana kuka, muka kwashe awa guda ina yi mata karatun da ya kamata a ce mun yi mata da ƙafa.

Na san za a ce hanyoyinmu ba tsaro, aljihu kuma ba nauyi. Gaskiya ne, ni ma ba zan ce a ɗauki yara a nufi daji ba. Amma gidan adana kayan tarihi na Kaduna a tsakiyar gari yake, Dutsen Dala da Gidan Makama a cikin birnin Kano suke, kuɗin Keke Napep ya isa. Mu dai ba mu ɗauki fita da yaro don ya ga wuri a matsayin karatu ba, sai biki ko gaisuwar mutuwa. Manomin Iowa bai fi mu son 'ya'yansa ba, ya dai saba ne da sa su a mota ranar Asabar.

Da ta dawo a tsakiyar 2015, mako biyu da saukarta, ita ce ta matsa wa mahaifinta sai an je Zariya. Ni na tuƙa motar, Yaya na gefena, shi ma ashe bai taɓa shiga masallacin ba.