Arthur Ashe, bindigar Legas da littafin da ba mu rubuta ba

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, jaridunmu kan cika da tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, Allah ya jiƙansa, wanda su Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka kashe a Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976. A gefen wannan babban labari akwai wani ƙarami da ban taɓa jin an ba da shi a aji ba, ni ma sai da na girma na ci karo da shi.

A makon da abin ya faru ana gudanar da wata gasar tanis ta ƙwararru a Legas, kuma tauraronta shi ne Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka da ke riƙe da kambun Wimbledon a lokacin. An dakatar da gasar, daga baya aka ce a ci gaba. Ranar Litinin 16 ga wata, Ashe na tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak, sai ga sojoji sun kutso fili a fusace, suna ganin rashin ta-ido ne a yi ta buga ƙwallo ƙasa na cikin makoki. Aka ɗora wa Ashe bakin bindiga a gadon baya, ya fice hannuwansa a sama, 'yan kallo kuwa kowa ya yi ta kansa. Ba a ƙarasa gasar a Nijeriya ba, sai a birnin Karakas na Benezuwela. Ina iya fahimtar zafin zuciyar waɗancan sojoji, amma abin da ciwo a ce baƙon da muka kora da bindiga shi ne ɗan wasan da ya fi kowa a zamaninsa damuwa da Afirka.

An haifi Ashe a 1943 a Richmond ta jihar Bajiniya, zamanin da doka ta hana baƙi shiga filayen wasan farare. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Mahaifinsa mai kula ne da wani dandalin wasanni na gwamnati da aka ware wa baƙaƙen fata, gidansu ma a cikin dandalin yake, don haka yaron ya tashi filin tanis na ƙofar ɗakinsu. Daga nan wani likita, Dokta Robert Walter Johnson, ya ɗauke shi ya horar da shi, har ya samu gurbin karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. A 1968, yana hafsan soja, ya lashe gasar US Open, amma da yake ba a matsayin ƙwararre ya shiga ba, ladan dala 14,000 ya tafi hannun Tom Okker, mutumin da ya kayar. Ya ci gasar Ostireliya a 1970, sannan a 1975 ya doke Jimmy Connors a Wimbledon, ranar da kusan kowa ya yanke masa ƙauna. Har yau babu wani baƙar fata namiji da ya sake ɗaukar ko ɗaya daga cikin kofunan nan uku a wasan mutum ɗaya.

Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yi ta hana shi biza har sai 1973. A 1971 kuwa, a Yawunde ta Kamaru, ya hangi wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya yana wasa, ya yi masa hanya zuwa Faransa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya lashe gasar Faransa a 1983. A shekarar nan ce namu Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, abin da matasanmu masu haddace sunayen 'yan wasan Arsenal har da na benci ba su ma san an yi ba.

Ciwon zuciya ya kama Ashe a 1979, ya ajiye wasa a 1980 yana da shekara 36. Abin da ya yi bayan nan shi ne ya fi jan hankalina a matsayina na malami. Ya tafi neman littafin da ya tattara tarihin baƙaƙen 'yan wasan Amurka don ya koyar da ɗalibai, bai samu mai gamsarwa ba. Maimakon ya tsaya ƙorafi, sai ya ɗauki masu bincike, ya zuba kuɗin aljihunsa, ya shafe shekaru yana tono, har a 1988 ya fitar da A Hard Road to Glory, juzu'i uku, wanda ya faro tun daga 1619. Ya yi wannan aiki da zuciyar da aka yi wa tiyata sau biyu, kuma jinin da aka ƙara masa a tiyata ta biyu, a 1983, shi ya sa masa ƙwayar cutar ƙanjamau. Ya bayyana wa duniya halin da yake ciki a 1992, ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1993 yana da shekara 49.

To, mu ina namu littafin? A nan Limawa, da yamma idan rana ta yi sanyi ta faɗa bayan duwatsu, nakan ga yara suna langa, wasu na tamola da ƙwallon da ta sha ɗinki. Dattawan unguwar nan sun ga kokawar kaka da idonsu, sun san wane ne ya kayar da wane a dandalin wace kasuwa, sun san kirarin kowa da makaɗinsa. Ko Shago, wanda sunansa ya cika ƙasar Hausa, yawancin abin da muka sani game da shi daga bakin Ɗan Anace muka ji. Makaɗi ya sauke nasa nauyin, amma waƙa ba ta faɗa maka shekara, ba ta kuma damu da wanda aka kayar ba. Gasar tanis ta Dala da ake yi a Kano ta daɗe ana bugawa, Sadiq Abdullahi ya wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na 1988, amma ɗalibin da ke son rubutu a kansu sai ya sha wuya kafin ya haɗa shafi goma.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne, har da mu masu digirin digirgir. Na taɓa zama a wani kwamitin tantance batutuwan bincike inda wani ɗalibi ya kawo shawarar rubuta tarihin kokawa a ƙauyukan da ke kewaye da Dutse. Aka yi masa dariya, aka ce ya nemo batu mai nauyi. Ban yi dariyar ba, amma ban kare shi ba, kuma wannan shirun nawa yana damuna har yanzu. Yaron ya koma ya rubuta abin da ɗalibai ɗari suka riga suka rubuta, ya samu makinsa ya tafi. Tsofaffin 'yan kokawar da ya so ya zanta da su kuwa, ban san nawa ne suka rage ba.

A zangon karatu mai zuwa zan ba ɗalibaina aiki, kowa ya koma garinsu, ko Kiyawa ne ko Jahun ko Birnin Kudu, ya nemo tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa guda ɗaya, ya naɗi muryarsa a waya, ya rubuta sunansa da na ubangidansa da na makaɗinsa, da shekarar da ya fara da wadda ya ajiye. Wanda bai samu ba sai ya kawo mini sunan wanda ya je ya tarar an riga an binne.