Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Farfesa Faruk Adamu Kuta, Shugaban Jami'ar Fasaha Ta Tarayya, Minna

 

Ina rubuto maka daga unguwar Fadikpe da buƙata guda: jami'arka ta buɗe guraben bincike na shekara biyu ga matasan da suka kammala digirin dakta a lissafi, da albashinsu, ba tare da an jibga musu ajujuwa ba.

Ka fi ni sanin abin da ke faruwa a jami'o'in ƙasar nan. Matashi ya kare kundinsa, a yi walima, a fara kiransa Dakta. In ya yi sa'ar samun aiki, sai a miƙa masa lissafin 'yan aji ɗaya, wanda a jami'ar fasaha kusan kowane ɗalibi sai ya bi ta kansa. Ga takardun jarrabawa ɗaruruwa, ga haɗa sakamako, ga kwamiti bayan kwamiti, ga kundayen 'yan ajin ƙarshe. Kafin ya ɗago kai shekaru sun ja, tambayar da ya bari a babin ƙarshe na kundinsa kuwa wani ya riga ya warware ta a wata ƙasa. Lokacin ƙarin girma ya zo, ana ƙirga takardu, sai ya yayyanka tsohon kundin ya aika wa mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai. Wanda bai samu aikin ba kuma yana can yana koyar da yara darasin yamma. Ba ragwanci ba ne. Mun cinye musu shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi kaifi.

Digirin dakta yaye ne kawai, irin na yaron tela da ya iya ɗinka abin da maigida ya yanka masa. Ya warware matsalar da malaminsa ya zaɓa. Bai koyi zaɓar tasa ba, bai koyi gane wadda za ta ɓulle da wadda za ta cinye masa shekara goma a banza ba. Shi ya sa a Turai da Amurka da wuya a ba masanin lissafi kujerar dindindin sai ya yi shekara biyu ko uku a wata jami'ar daban, kusa da wani gwani, yana bincike, koyarwarsa kaɗan ce ko babu.

Reshen da na fi so ka duba shi ne lissafin abubuwa masu sauyawa da lokaci. Tambayarsa ita ce: idan aka girgiza wani tsari, zai koma daidai ko zai tarwatse? Jiharmu ta Neja ce ke da Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Injinan da ke cikin waɗannan madatsai dole su riƙa juyawa tare da na sauran tashoshin ƙasa a bugu ɗaya, hamsin a daƙiƙa. Idan wani babban layi ya yanke, ko dai su daidaita kansu cikin ɗan lokaci, ko su rabu da juna, ƙasa ta faɗa duhu. Duk sanda aka ce babban layin wuta ya durƙushe, wannan tambayar ce ta samu mummunar amsa. Haka yake ga zazzaɓin cizon sauro. Tun 1911 Ronald Ross ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro ba. In aka rage yawansu ƙasa da wani mizani, cutar za ta ja baya da kanta. Gano inda mizanin yake a ƙauyukan bakin kogin Kaduna aikin mai lissafi ne da ya zauna da ma'aikatan lafiya.

Kuma fannin ba baƙo ba ne a wurinmu. Chike Obi, ɗan Najeriya na farko da ya yi digirin dakta a lissafi, a 1950, a kansa ya yi aiki. James Ezeilo ya yi nasa a Kambirij a 1958 a hannun Mary Cartwright, wadda aikinta da abokin bincikenta Littlewood na cikin tushen fannin, Ezeilo ne kuma daraktan farko na Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a 1988. A Arewa muna da Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. A yau akwai Farfesa Abba Gumel: a Jami'ar Bayero ya yi digirin farko, amma a Kanada da Amurka ya gina sunansa a lissafin yaɗuwar cututtuka. Ina alfahari da shi, ina kuma tambayar kaina irinsa nawa ne suka nutse a cikin takardun jarrabawa saboda ba su samu hanyar fita ba.

Na san za a ce babu kuɗi. Ranka ya daɗe, kai masanin ƙananan halittu ne, ka san abin da ɗakin gwaji ke ci. Mai lissafi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Albashi a kan lokaci, tebur, allo, wuta, intanet, damar karanta mujallu da kuɗin halartar taro ɗaya a shekara sun ishe shi. Jami'ar da ta iya jawo cibiyar Bankin Duniya ta binciken gubar abinci da shirin WASCAL na sauyin yanayi ba za ta gagara riƙe matasa huɗu ba. Tallafin horar da malamai na TETFund na waɗanda suka riga suka samu aiki ne, kuma asusun ya dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025. Lokaci ne da ya dace shugabannin jami'o'i su nemi a juya wani kaso zuwa guraben bincike a gida. Kamfanin Mainstream da ke tafiyar da Kainji da Jebba, da North South Power na Shiroro, su ma a ƙwanƙwasa musu ƙofa. Matsalarsu ce za a yi wa aiki.

Amma in za a yi, a yi da gaske. A tallata guraben a fili, masana daga waje su tantance, kada wa-ka-sani ya shiga. A fifita wanda ya yi karatu a wani wuri, daga Zariya ko Ibadan ko Yamai, domin sashen da ke ɗaukar ɗalibansa kaɗai kansa yake maimaitawa. Kada koyarwa ta wuce kwas ɗaya a zango, komai ƙarancin malamai, don nan ne shirin zai fara lalacewa. A samo wa kowa jagora, daga Cibiyar Lissafi da ke Sheda ko cibiyar Abdus Salam da ke Tiriyeste, wadda aka kafa a 1964 musamman don kada masanan ƙasashe irin tamu su zauna a keɓe. A ƙarshe a auna su da takardu biyu masu nauyi, ba goma marasa amfani ba.

Wasu za su gama su tsallake teku, gaskiya ne. Amma yanzu ma suna tafiya, ba tare da wani abu ya ɗaure su da Minna ba. Wanda ya yi shekara biyu a nan ya bar ɗalibai da abokan aiki, kuma shi ne zai dawo ya duba mana kundaye.

Ina roƙonka ka kai wannan magana gaban majalisar malaman jami'a kafin sabuwar shekarar karatu, a fara da gurbi uku ko huɗu. Allah ya yi maka jagora.

Wassalam.

Daga wani malamin lissafi,
Fadikpe, Minna.