Wasiƙar Gumel: Asu da Dardumar Ajiya

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina roƙon fili in faɗa wa jama'a abin da ya same ni, ko wani ya tsira.

Bara da damina ta faɗi, wani ƙanen mahaifina da ke zaune a Sule Tankarkar ya kawo mini ajiyar darduma, domin ɗakinsa na yoyo. Ta ulu ce tsantsa, ja, mai kauri, kakanmu ya zo da ita daga Makka. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai ɗakin siminti, riƙe mini." Na ce, "To, Baffa." Don tsananin girmamawa na naɗe ta, na tura ƙarƙashin gado, na hana kowa taɓawa. Wata bakwai ban waiwaye ta ba. Ran da ya aiko a ɗauka muka warware, sai ga gashi yana zuba kamar dusa. Wuri uku ya goge, zaren saƙa kaɗai ya rage. Kunyar da na ji ran nan Allah kaɗai ya sani.

Da na bincika sai na ga ashe da hannuna na yi wa asu shimfiɗa. Shi asu ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike, launin kara, bai kai rabin farce ba. Ba ya zuwa wurin fitila kamar 'yan'uwansa, duhu ya ke so, da wurin da ba a motsawa. Abin mamaki, shi mai fiffiken ba ya cin kome. Macen ce ke saka ƙwai kamar 40 ko 50 a gindin gashi, in da ɗumi su ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10, tsutsotsin su kama ci. Suna iya yin wata biyu suna ɓarna, wani lokaci har fiye da shekara. Abincinsu gashin dabba ne, watau ulu da buzu da bargon gashi, musamman inda gumi ko maiƙon miya ya taɓa. Ni kuwa ko kakkaɓe ta ban yi ba kafin in naɗe.

To, jama'a, ku duba: dardumar zaure da a ke takawa kullum, a share, a kakkaɓe, da wuya asu ya ci ta. Wadda a ke ji da ita, a ke jira sai Salla ko zuwan babban baƙo, ita ce ke mutuwa a lungu. Maganin kuwa yana bisa kanmu kyauta. Ranar ƙasar Gumel da bazara ta kan wuce digiri 40 a inuwa, asu da ƙwansa kuwa ba su jure zafin da ya haura digiri 50 na rabin sa'a. A fitar da ita, a buge da sanda ciki da baya, a goge gefuna da burushi, a kife fuskarta don kada launi ya koɗe, a rufe da baƙar leda daga hantsi zuwa azahar. In za a ajiye, sai ta bushe sarai, a ɗaure cikin leda marar huda, a ɗora bisa katako, a riƙa buɗewa wata wata.

Na san za a ce da ni, ina kafur? Ƙwallayen nan farare ba su kashe asu sai cikin akwati rufaffe, inda warin ba ya fita. A jefa biyu ƙarƙashin gado ɓarnar kuɗi ce. Ga kuma haɗari: yara na ɗaukarsu alewa, warinsu a tufafi kuma ya kan jawo wa waɗansu jarirai shawara mai tsanani. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da irin na naftalin tun 2008. Ganyen darbejiya da tsofaffinmu ke sawa ba na raina shi, amma ba ya kashe ƙwan da ya riga ya shiga.

Wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya tayi buzu ko tsohuwar darduma, ya buɗa gashin da yatsa ya duba gindi. In ya ga abu kamar yanar gizo, ko ɓurɓushi kamar rairayi, ya bar ta, kada ya sayo wa gidansa. Mai son ya san ko tasa ta ulu ce, ya ciri zare ɗaya ya ƙona. Ulu ƙaurin gashi ya ke yi, ya marmashe. Na roba narkewa ya ke yi ya dunƙule, shi asu bai damu da shi ba.

Ta Baffa dai mun kai wa mai ɗinki ya yanke inda ya tsira, ya ɗinke baki. Abin da mutum shida ke zama a kai, yau mutum ɗaya ya ke ɗauka. Da na kai masa ya shafa, ya ce, "Ba kome, ɗana." Har yanzu bai sake kawo mini ajiya ba.

Wasalam. Ni ne naku,
Akawu, Gumel.