RA'AYINMU: Bindiga a Aljihun Mai Bi?



Akwai maganar da ke yawo a tsakanin matasanmu, kuma bai kamata dattawa su yi kamar ba su ji ba. Samari suna kallon bidiyo a waya, inda Turawan Amurka ke koyar da yadda ake tsayuwa da riƙe ƙaramar bindiga in maƙiyi ya matso kusa. Wasu har suna cewa a yi karo-karo a saya, a riƙa zuwa da ita sujada. Ba mu raina tsoronsu ba. Mun tuna kisan masu sujada a Owo ranar 5 ga Yuni 2022, mun kuma san ɓarnar 'yan bindiga a ƙauyukan da ke iyaka da Zamfara. Ko gwamnatin Zamfara, a Yunin 2022, ta ce wa jama'arta su nemi lasisin bindiga.

Amma mu dubi doka. Sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda mutum ya kare ransa da ƙarfin da ya dace. Sai dai Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, ba mai riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, hukuncinta kuwa ɗauri ne na aƙalla shekara 10. A Agustan 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Dokar Amurka ba tamu ba ce.

Mu dubi hankali kuma. Masu kawo hari ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Kan babura suke zuwa da yawa, da AK-47 mai cin nisa. Me fistol za ta yi a nan? A cikin majami'a cike da mata da yara, harsashin wanda bai ƙware ba ɗan'uwa zai samu. Mu kuma 'yan kaɗan ne. Ran da aka kama bindiga ɗaya a gidan mai bi, ba za a ce laifin wane ba ne, za a ce coci ce ke tara makamai.

Jiharmu ta ga ƙarshen ɗaukar doka a hannu. A Oktoban 2021 'yan sa-kai sun kashe mutane a kasuwar Mamande ta Gwadabawa. A watan nan 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo, daga baya gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai.

To, sai mu naɗe hannu? Ko kaɗan. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Da aka ƙulla kashe Bulus, ɗan 'yar'uwarsa ya kai labari ga shugaban sojoji, aka fitar da shi da dare. Bitrus ne ya zare takobi, Ubangiji kuwa ya tsawata masa.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa: a sa masu gadi a waje lokacin sujada, su san baƙuwar fuska. A tabbata majami'a tana da ƙofar fita fiye da ɗaya, yara ma su san inda za su bi. A mayar da taron dare zuwa rana. Fasto ya riƙe lambar DPO da ta hakimi. Zumuntar mata da matasa su koyi tsayar da jinin mai rauni. Saurayin da ke son aikin tsaro ya bi ta hukuma, ko ɗan sanda, ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024.

Fiye da kome, mu riƙe maƙwabtanmu Musulmi da amana. Ɗan bindiga ba ya tambayar addini kafin ya kore shanu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare ya ce “ku tashi” ya fi bindiga a ƙarƙashin matashi.

Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.